Allurar da Na Karɓe a Hannun Nuhu

Abu na farko da na lura da shi a Alƙahira shi ne babu mai tsayawa a gaisa. Ka yi wa mutum sallama, ya amsa yana tafiya, kafin ka tambayi iyalinsa ya sha kwana. Ni kuwa mutumin Kwarbai ne, cikin birnin Zariya, inda daga ƙofar gida zuwa masallaci sai ka gaisa da rabin unguwa. Na haura shekara sittin ban taɓa kwana a ƙasar da ba tamu ba. Sai ga ni tsaye a bakin titi da jaka a hannu, motoci suna kwarara ba ƙaƙƙautawa, a gefena kuma Nuhu, wanda saboda idonsa muka zo.

Nuhu ɗan ƙanwata Hajara ne. Ta rasu yana ƙarami, na ɗauko shi na riƙe. Yanzu magidanci ne, da mata da 'ya'ya biyu, mace da namiji, yana da ɗan shagon kayan masarufi a Tudun Jukun. Tun yana yaro yake da dundumi, da zarar rana ta faɗi sai ganinsa ya ɗauke. Da ya girma abin ya shigo har cikin rana. Gefe da gefe ya rufe, saura tsakiya kawai, kamar mai leƙe ta ramin makulli. Yana iya karanta ƙananan rubutun jikin kwalin magani, amma akuya na kwance a gefen ƙafarsa sai ya taka ta.

Na ce masa, "Dafa kafaɗata mu tsallaka."

Ya ce, "Ina gani, Kawu."

Haka maganarmu take tun shekaru masu yawa, gajeriya, ba rashin ladabi a ciki, ba kuma ɗumi. Dalilin yana cikin sana'ar gidanmu.

Gidan kakanninmu na wajen uwa gidan ɗinkin babbar riga ne, ɗinkin hannu, irin wanda ake zama da riga a kan gwiwa wata da watanni ana yi mata aiki a wuya da aljihu. A wurin kawunnena biyu, Kawu Garba da Kawu Tanimu, muka koya, ni da yayana Sale. Dukan kawunnen nan sun makance kafin su tsufa. Yaya Sale ma haka. Kowa a gidan ya san dalili: allura ce ke cin ido. Ni da na ga abin da ya same su sai na kafa wa kaina doka, ba na ɗinki bayan la'asar. Idona bai taɓa ciwo ba, na ɗauka dokata ce ta tsare ni, har ina yi wa mutane wa'azi da ita.

Nuhu kuwa Allah ya ba shi hannun da ban taɓa ganin irinsa ba. Bai kai shekara sha uku ba manyan maɗinka suke zuwa zaurenmu su juya aikinsa su dubi bayan, su kaɗa kai. A shekarar ne na ba shi rigarsa ta farko, farar shadda, shi kaɗai zai yi mata aiki. Ya gama askake, dogayen zanen nan masu tsini kamar aska, ya kama tambari, wato da'irar nan ta kan ƙirji, ya kai rabi. Sai wata magariba na gan shi yana laluben bango a hanyar masallaci. Muka ba shi hanta, muka yi ta maganin gida, bai daina ba. Na kira shi na ce ya miƙo allurar. Ya miƙo. Rigar na naɗe na kai wa wani maɗinki ya ƙarasa, shi kuma na haɗa shi da wani mai shago ya koyi ciniki. Bai yi kuka a gabana ba. Tun daga ranar bai sake zama a zaure ba.

To da wannan muka sauka Masar.

Wanda ya tarbe mu wani ɗan ƙasarmu ne da ake ce wa Mai Hanya, dillalin marasa lafiya, wanda aka ba mu lambarsa tun daga gida. Mutum ne mai faɗin fuska da yawan dariya. Ya rungume ni kamar ya san ubana.

"Baba, kun zo ke nan, an gama! Nan ƙasar ido ai kamar gyaran agogo ne. Makon jiya wani ya zo ana jansa da sanda, yanzu haka yana can yana tuƙa mota a Kaduna."

Ya kai mu wani ɗaki a can ƙololuwar bene, matakalar duhu ƙirin ko da rana tsaka. Ni ina haki saboda tsufa, Nuhu yana ƙirga matakala da yatsun ƙafa, ya ƙi yarda in riƙe shi. Washegari aka kai mu wurin wani mai farar riga a saman shagon takalma. Bai tambaye mu komai ba. Ya haska idon Nuhu da ɗan tocila, ya yi magana da Mai Hanya, suka yi dariya. Aka ce akwai na'urar da ake ɗora wa mutum a goshi tana jijjiga ido da lantarki, jijiyoyin da suka yi barci su farka. Muka biya. Kullum da safe Nuhu ya zauna a kujera da wayoyi a kansa, ni ina kallon bango. In na tambaye shi ko ya ji sauƙi sai ya ce, "Kaina dai ke ciwo." Ranar da aka ce an kammala, muka nemi Mai Hanya, wayarsa a kashe. Mai farar rigar ya ɗaga mana hannu biyu, ya nuna mana ƙofa.

Daga nan kwanakin suka yi nauyi. Nuhu ya daina fita. Yakan zauna bakin taga da waya a hannu, yana magana da matarsa ƙasa-ƙasa, in na shigo ya yi shiru. Mutum biyu a ɗaki ɗaya, tabarma kusa da tabarma, amma na fi jin kaɗaici a ɗakin nan fiye da kan titi. Sai na riƙa fita ina yawo ba inda na nufa. Ɗan Larabcin da na samu a karatun zaure, in na yi shi sai mai gurasa ya ƙyalƙyale da dariya ya kira maƙwabcinsa ya zo ya ji, wai ina magana kamar littafi. In sun mayar mini da nasu kuma ba na kama ko kalma ɗaya. Wake da gurasa safe da yamma, har na fara mafarkin tuwon dawa da miyar kuka. Abin da na fi kewa ma ba abinci ba ne, ƙarar masu bugu ce, da suke dukan riga da hantsi a bayan gidanmu don ta yi sheƙi. Shekara da shekaru ina ƙorafin ta dame ni, ashe da ita nake sanin ina gida.

Wata rana bayan azahar na tsaya wurin wata mai shayi a gefen masallaci, baƙar mace mai lulluɓi irin na mutanen Sudan. Na kurɓa da gaggawa, ya ƙona mini harshe, na ce, "Wayyo Allah!"

Ta ajiye buta ta dube ni. "Malam, Bahaushe ne kai?"

Na kusa sakin kofin. Sunanta Hajiya Sa'adatu. Kakanta Bakatsine ne, ya tafi aikin hajji a ƙafa, ya tsaya Sudan neman guzuri, bai ƙarasa ba bai kuma koma ba. A can aka haife ta, ta yi aikin jinya a asibiti, har rashin zaman lafiya ya koro ta Masar. Hausarta irin ta tsofaffi ce, wadda rabona da ji tun kakata. Na zauna a kan ɗan bencinta na kwashe labarinmu na faɗa mata, har da abin da ba ta tambaya ba.

Ta ce, "Saman shagon takalma? Haba Malam, da girmanka! Ko takalmin ma ai sai ka juya shi ka duba kafin ka saya."

Na ce, "Hajiya, baƙunta ce."

"To gobe zan bar wa maƙwabciyata butar. Ka zo mini da yaron, mu je inda ake duba ido na gaskiya."

Babban asibiti ne, cike da jama'a. Aka yi ta shigar da Nuhu ɗaki-ɗaki, wani wurin a ɗiga masa ruwa a ido, wani wurin a zaunar da shi cikin duhu, wani a ɗauki hoton cikin idon. A ƙarshe muka shiga wurin likita, mace ce mai furfura a goshi, ba ta da gaggawa. Hajiya ta zauna tsakani tana fassara. Likitar ta tambaya ko akwai mai irin wannan a dangi. Na gyara zama, don nan fagena ne. Na lissafa mata kawunnena da Yaya Sale, na ƙara da cewa ai mu mun san dalili, dukansu maɗinka ne, shi ya sa ma na cire Nuhu da wuri.

Hajiya ta fassara. Likitar ta ci gaba da tambaya.

"Ta ce kai ma maɗinki ne?"

"Ni ne, amma ba na wuce la'asar."

"Ta ce Kawu Garba yana da 'ya'ya maza?"

"Yana da su, suna nan suna ɗinki."

"Idonsu fa?"

"Lafiya lau."

"Ta ce 'ya'yansa mata fa, a cikin yaran da suka haifa akwai mai dundumi?"

Na buɗe baki zan ce babu, sai na tuna da Malam Isa na Ƙofar Galadima, jikan Kawu Garba ta wajen 'yarsa. Malamin firamare ne, bai taɓa riƙe allura ba ko ta ɗinkin maɓalli. Yana da dundumi, yanzu ma yaro ke kai shi makaranta. Shi nasa mun ce ƙurar alli ce.

Na faɗa. Muryata ta fita ƙasa-ƙasa. Likitar ta ce za a ɗebi jinin Nuhu a bincika, mu dawo in sakamako ya fito.

Jiran ya yi tsawo. Ban taɓa zama da tunani ɗaya kamar na kwanakin nan ba. Ina tafiya a titi ina jera mutanen gidanmu a raina, wane ɗan wance, wance 'yar wane, in rushe in sake jerawa, ko zan sami hanyar da allura za ta koma ta zama mai laifi. Ba ta koma ba. A cikin wannan yawon ne na faɗa wata tsohuwar kasuwa mai rufi, layi guda na maɗinka, kowa zaune a ɗan shagonsa da ƙyalle a gwiwa, suna yanka ƙyalle kala-kala suna ɗinke shi a kan wani da hannu. Akwai wani tsoho da ya girme ni nesa, ba ko tabarau a fuskarsa. Na tsaya ina kallon yatsunsa. Ya ɗago, ya dubi wuyan rigata, ya kama ya juya ya dubi bayan ɗinkin, ya nuna ni da yatsa yana tambaya. Na ɗaga kai. Sai ya matsa ya ba ni wuri. Ba ma jin maganar juna, amma kullum in na zo sai ya aika a kawo mini shayi, in zauna har la'asar ta wuce, shi yana ta ɗinkinsa. Ban gaya wa Nuhu inda nake zuwa ba.

Ranar sakamako likitar ta yi magana mai tsawo, Hajiya ta saurara har ƙarshe, sannan ta juyo gare mu.

"Ta ce a can bayan ido akwai wata 'yar shimfiɗa mai karɓar haske. Ita ce ke lalacewa sannu a hankali, daga gefe zuwa tsakiya. Abin a cikin halittar mutum yake tun yana ciki, ƙwayar gado ce guda da ta zo da tangarɗa, sun gan ta a jininsa. Irin taku ta hannun mata take bi. Mace ta ɗauke ta, yawanci ba ta dame ta sosai ba, in ta haifi namiji ko ya samu ko ya tsira. Mahaifiyarku ta ɗauka. Sale ya samu, kai ka tsira. Hajara ta ɗauka ta ba Nuhu. Ba laifin kowa ba ne, ba wanda ya zaɓa."

Nuhu ya ce, "'Ya'yana fa?"

"Ta ce namijin ba ya samu daga wurin uba. Macen kuwa ta ɗauka. In ta girma a gaya mata gaskiya, a kuma riƙa duba yaran da za ta haifa."

"Magani fa?"

Hajiya ta tambayi likitar. "Ta ce irin wannan har yanzu ba a sami maganinsa ba, ana kan nema. Kada ka sake ba kowa kuɗi a kan na'ura. Ka riƙa sa baƙin tabarau a rana, ka riƙa zuwa ana duba ka, don wani lokaci yanar ido takan taru, ita ana iya cire ta. Tsakiyar nan da kake gani da ita takan jima, amma ba ta san iya shekarun ba, ba za ta yi maka ƙarya ba."

Na ɗauka an gama, har na fara neman takalmina da ƙafa. Sai Nuhu ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Hajiya, tambaye ta. Ɗinki yana ƙara shi?"

Wannan amsar ban jira fassara ba, na gan ta a yadda likitar ta girgiza kai.

"Ta ce ko kaɗan. Ko ya yi ɗinki ko bai yi ba, tafiyar ciwon ɗaya ce. Ta ce ma aikin kusa irin wannan shi ne abin da idonsa ya fi iyawa, in dai da haske."

Muka fito. Hajiya ta raka mu har bakin mota, na ciro ɗan abin da zan ba ta, ta ture hannuna. Ta ce, "In ka koma ka gaishe mini da ƙasar kakana. Ni ban taɓa ganinta ba." Ban sake ganin Hajiya ba sai sau ɗaya, ranar da muka je sallama.

Kwana biyu Nuhu bai ce mini komai ba sai gaisuwa. Ana gobe za mu taso na ce ya raka ni wani wuri. Ya tashi ba musu. Na kai shi layin maɗinkan nan. Tsohon ya gan mu, ya matsa kamar kullum. Na nuna Nuhu, na nuna allura. Tsohon ya ciro wani guntun ƙyalle da allura da zare ya miƙa masa.

Nuhu ya daɗe yana riƙe da su. Sannan ya ɗaga allurar saitin ƙofa, ya zura zaren karo ɗaya. Ya ɗora ƙyallen a gwiwa, ya soka, ya ja, ya sake sokawa. Na leƙa. Ɗinkin ya karkace, wani taku dogo wani gajere, zaren ya tattare ƙyallen. Ya warware ya sake, ya fi na farko muni. Yatsun da manyan maɗinka suke zuwa kallo sun saba da ɗaurin leda da awon shinkafa. Tsohon ya kau da kai, ya yi kamar yana neman almakashi.

Nuhu ya ce, "Hannun ya tafi, Kawu."

Da za mu tashi ya miƙa wa tsohon kayansa, tsohon ya naɗe allurar cikin ƙyallen ya cusa masa a aljihu.

A hanyar komawa, a bakin wani titi mai faɗi, na ji hannu a kafaɗata. Ban waiwaya ba, don kada ya janye. Muka tsallaka. Na ce, "Nuhu, abin da na yi maka..."

Ya ce, "Bari, Kawu. Ka ga mutum uku sun makance a gabanka. Da ni ne kai, da na karɓe allurar ni ma." Muka ɗan taka. "Amma rigar fa? Ko ajiye mini ita ba ka yi ba. Na gan ta a jikin wani ranar Juma'a, da rabin tambarina da rabin na wani."

Muka ƙarasa ɗaki, hannunsa a kafaɗata.

Da muka dawo gida na zagaya dangi na faɗa musu abin da aka gaya mana. Wasu sun yarda, wasu sun ce likitocin waje ba su san allurar Zariya ba. Malam Isa ya yi dariya har da hawaye, ya ce ashe alli ya sha zagi a banza.

Bayan 'yan makonni, wata safiya ina zaune a zaure, sai ga Nuhu da baƙin tabarau da ƙunshi a hammata. Ya bar wa matarsa shago. Ya zauna a wurinsa na da, kusa da ƙofa inda haske ya fi faɗowa, ya kwance ƙunshin. Farar shadda ce.

Ya ce, "Daga farko za ka koya mini. Kuma kada ka ji tausayina, in ya karkace ka ce ya karkace."

Yana zuwa kullum yanzu. Hannun yana dawowa, amma a hankali, kuma ban ga alamar zai kai na da ba. Ya ɗauki watanni a kan askake, ya warware fiye da abin da ya bari. Wani lokacin almakashi na gefen gwiwarsa sai ya yi ta lalube, ni kuma in tura masa da ƙafa in yi kamar ban gani ba. La'asar tana yi, tana wucewa, ba na cewa komai. Sai hasken ƙofa ya yi ja sannan ya naɗe, in raka shi bakin hanya ya hau babur.

Makon jiya ya kama tambari. Ya zana da'irar, ya soka allura, sai ya tsaya.

"Kawu."

"Na'am."

"In idon ya rufe ban gama ba, kada ka ba kowa. Kai ma kada ka taɓa. A bar ta yadda na bar ta."

Na ce, "To."

Ya sunkuya ya ci gaba. Jiya da ya tafi na buɗe rigar na duba. Bai kai rabi ba tukuna. Na naɗe ta na mayar inda ya ajiye.